Faifan da Baba Ya Goge

Babana mai wanki da guga ne, kuma tun da na buɗe ido na san shi ban taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. Fanka ta tsaya, ya iya. Famfo yana yoyo, a ba shi wuri. Sau da yawa fankar a hannunsa take ƙarasa mutuwa, famfon kuma mu kwana muna tara masa bokiti. Amma akwai abu biyu da ko maƙiyinsa ba ya musa masa: riƙon dutsen guga, da tayar da mutane rawa.

Shagonsa a gaban gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da falo. Akwai dogon teburin guga da aka shimfiɗa wa bargo uku da farin ƙyalle, da injin wanki biyu, da wata ƙatuwar kwalba cike da maɓallan da suka faɗo daga rigunan mutane ba a san masu su ba. Ni ce mai motar shagon. Ina kwaso zannuwan gado daga otal biyu, in mayar da su a goge a ninke. Shi ya sa Baba yake kirana Direba, har yarana suka tashi suna zaton sunana ke nan.

Yana saurayi ya koyi aikin, a ɗakin wankin wani otal da ke can ƙarƙashin bene. Saman kansa daidai zauren rawa ne. A lokacin kiɗan sol ake yayi, waƙoƙin nan na ƙetaren teku masu ganga da tafi da ƙahonni, da jita mai kaurin murya, da mawaƙi mai rera waƙa kamar ana murɗa masa zuciya amma yana jin daɗin murɗar. Baba bai taɓa hawa zauren ba, ba a barin ma'aikata. Daga ƙasa ba ya jin muryar mawaƙi sosai, sai dukan ganga da takun mutane. Shekara shida yana guga yana sauraren rufin ɗaki, har ya san wace waƙa ce ke sa ƙafa goma ta zama ɗari, wace ce kuma ke mayar da mutane kujera.

"Ni ƙafa na fara ji kafin na ji waƙa," in ji shi. "Masu sa kiɗan yanzu fuska suke kallo. Fuska maƙaryaciya ce, Direba. Mutum zai haɗe rai ya ce shi ya girmi rawa, ki leƙa ƙarƙashin tebur ki ga abin da babban yatsansa yake yi."

Da otal ɗin ya koma amfani da kaset, sai aka zubar da faya-fayan garmaho a bayan kicin. Baba ya kwashe su a kwandon wanki, sahu uku ya yi. Daga baya ya sayi garmahonsa, wani ƙaton akwatin katako mai lasifika biyu, nauyinsa sai ƙarti huɗu. Kowace Asabar da yamma yakan sa kiɗa a zauren ƙungiyar ma'aikata, daga ƙarfe huɗu zuwa faɗuwar rana, kuma a nan ya kafa dokarsa ta faifai uku. Na farko na kunne ne, mai sanyi, don a daina surutu. Na biyu na ƙafa ne. Shi a lokacin ba ya kallon kowa, kansa a sunkuye kamar yana neman allurar da ta faɗi, alhali takalma yake bi da ido. Idan ya ga wadda ta fi motsi, sai ya zaɓi na uku don mai wannan ƙafar shi kaɗai. Yana tashi, sauran su biyo shi. Baba yakan ce bai taɓa sa faifai uku a jere ba kujeru suka zauna cike, kuma Tela, maƙwabcinmu wanda suka yi samartaka tare, ya tabbatar mini ba cika baki ba ne.

A wannan zauren ya haɗu da Mama. A masaƙa take aiki lokacin, aikinta bin injuna tana ƙulla zaren da ya tsinke. Aikin ya bar mata abu biyu: yatsu marasa nauyi, da ƙin jinin duk abin da aka bari a tsakiya. Ko labari ka fara ka tsaya amsa waya, sai ta tsaya a kanka har ka ƙarasa. Wata Asabar allurar garmaho ta maƙale ana tsakiyar rawa. Baba ya kai hannu zai tura ta, hannun da ya saba danna dutsen guga, sai allurar ta ja ƙara ta tsallake rabin waƙar. Wata yarinya ta ratso zauren ta buge masa hannu.

"Faifai ne, ba wandon kaki ba," ta ce.

Ta mayar da allurar, ta taɓa ta da ɗan ƙaramin yatsanta, waƙa ta wuce kamar ba abin da ya faru. Tun daga ranar aka raba aiki. Zaɓen faifai nasa, allura tata. Shekara arba'in da huɗu bai ƙara kai hannu wurin allurar da ta maƙale ba, sai dai ya ɗaga kai ya ce, "Mutuniyar," ta taso tana mita.

A bara Mama ta zame a kan ruwan sabulu a bakin injin wanki, ƙashin kwatangwalonta ya karye. An yi aiki, an sa ƙarfe, ƙashi ya haɗe lafiya. Aka sallamo ta da keken marasa lafiya da wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, aka ce ta fara taku kaɗan-kaɗan. Ta gwada sau ɗaya a satin farko, ƙafar ta yi rawa, ta koma ta zauna. Daga nan ba ta ƙara ba. Wata uku tana zaune a bakin taga, ni da ƙanwata muke ɗaga ta mu kwantar. Ƙarfen dogarawan yana gefenta har muka fara shanya tawul a kansa.

Likitar gashin ƙashi mai zuwa gida ta ja ni bakin ƙofa wata Litinin. Mace ce marar kwana-kwana.

"Ƙashinta ƙalau yake, tsoro ne kawai," ta ce. "Amma tsoka ba ta jiran mutum ya gama tsoro. Kullum ƙafar ƙara ramewa take yi, gwiwar kuma tana sandarewa. In aka ƙara sati biyu ko uku a haka, ko ta so tashi ƙafar ba za ta ɗauke ta ba. Keken nan zai zama nata har ƙarshen rayuwa."

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a wurin Mama na gado. Na koma falo na faɗa mata maganar likita ba tare da na rage komai ba. Na lallashe ta, na haɗa ta da jikokinta, daga ƙarshe na ɗaga murya, abin da har yau ina jin kunyarsa. Ta bar ni na gama.

"Ke ba ki ji ƙarar da ƙashin ya yi ba," ta ce. "Ni na ji. Ki tafi ki kai wa mutane zannuwansu."

Na shiga shago ina kuka don haushi. Tsoro nake ji, tsoron in wayi gari in ga matar da ta koya mini tafiya ana tura ta a keke saboda taurin kai kawai. Baba yana guga, bai ko ɗago ba. Ya gama hannun rigar da ke gabansa, ya jingine dutsen.

"Kin gama?" ya ce. "To ki share idonki. Asabar za ta tashi."

"Baba, likita ta kasa, ni na kasa."

"Likita ƙashi ta karanta. Ke kuma fuska kike kallo. Ni na san ƙafar nan tun kafin a haife ki, da hagu take farawa. Faifai uku ne."

Na ukun ya riga ya san shi. Wani faifai ne mai jan tambari a tsakiya, shi ne ya maƙale ranar da suka haɗu. A cikinsa akwai wurin da kiɗa yake lafawa, mawaƙin ya ja wata doguwar murya shi kaɗai, sannan ƙahonni su faɗo gaba ɗaya. Tun ina yarinya, in aka zo wurin nan Mama ko albasa take yankawa sai ta ajiye wuƙa. Faifan yana cikin kabad a zauren ƙungiya tare da wasu da ya bari a can, Baba ya ce in biya in ɗauko masa ranar Laraba.

Na ɗauko. Don kada zannuwa su danne shi a baya, sai na ɗora shi a gaban mota, ƙarƙashin gilashi. Na isa otal, mai karɓar kaya ya ɓata mini lokaci a kan tawul biyu da bai gani ba, muka yi ta sa-in-sa fiye da awa ɗaya, mota kuwa tana tsakiyar rana. Da na dawo na zaro faifan daga jakarsa sai na ga ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya tashi kamar bakin hula. Na zauna a motar na daɗe ban tayar ba. Na zagi mai karɓar kaya, na zagi rana, amma na san laifin wa.

Na miƙa wa Baba. Ya juya shi, ya ɗaga shi daidai idonsa ya duba. Ban ga ko gezau a fuskarsa ba.

"Yamutsewa ce kawai," ya ce. "Kunna mini dutse."

"Baba, roba ce. Narkewa zai yi."

"Zafi ne ya lanƙwasa shi, zafi ne zai miƙar da shi. Shekara hamsin ina miƙar da abin da ya yamutse. Siliki nawa ya bi ta hannun nan?"

Tela ya leƙo daidai lokacin, ya ji abin da ake shiri, ya ce, "Mai Guga, kar fa garin neman gira a rasa ido." Baba ya ce masa ya je ya ji da almakashinsa. Ya rage wutar dutsen zuwa ta siliki, ya shimfiɗa faifan tsakanin farin ƙyalle biyu, ya fara bi a hankali yana zagayawa daga tsakiya zuwa baki, yana ɗagawa yana taɓawa da bayan hannu. Gaskiya aikin ya yi kyau a ido. Sai dai ana cikin haka wani ya shigo karɓar kwat ɗinsa, Baba ya juya ya nuna masa inda take rataye, dutsen kuma ya ɗan tsaya a wuri ɗaya. Bai fi numfashi uku ba. Ni na gani, ban san ko shi ya lura ba.

Ya ɗora tsohon littafin waya da dutsen guga biyu masu sanyi a kai, ya bar shi ya kwana. Da safe faifai ya fito a miƙe sumul kamar daga kanti. Baba ya kai wa Tela har shago ya nuna masa, ya dawo yana fito.

"Mu gwada mana," na ce. "Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ki gwada a ina? Garmaho yana falo, tana zaune a wurin. In ta ji shi yau, Asabar ya zama tsohon labari. Kuma ni tunda nake ban taɓa sa rigar mutum a jikina don in ga ko ta gogu ba."

Ranar Asabar ya rufe shago da wuri. Ya goge wa Mama shuɗiyar rigarta mai ɗigo-ɗigo, ya ce wai baƙi za su zo, baƙin kuwa Tela ne kaɗai. Ta sa rigar tana cewa ita ba ta ga dalili ba. Baba ya janye teburin tsakiya, ya naɗe darduma don kada ƙafa ta harɗe, ya share daɓen. Ya cire tawul ɗin da ke kan ƙarfen dogarawa ya ninke. Mama tana bakin taga, garmaho yana can jikin bango na ɗaya ɓangaren, inda yake tun ranar da ƙarti huɗu suka dawo da shi daga zauren ƙungiya. Rana tana shigowa ta labule, wajen ƙarfe huɗu da rabi.

"Na san abin da kake yi," ta ce masa. "Ni ba 'yan zauren ƙungiya ba ce."

"Kiɗa kawai muke ji, Mutuniyar. An hana?"

Ya sa na farko, mai sanyi, wata mace tana waƙa a hankali. Mama ta juya tana kallon titi. Ya sa na biyu mai tafi da ganga, Tela ya fara kaɗa kai yana buga cinya. Fuskar Mama kamar an aiko mata da sammaci. Ni ita nake kallo. Da na waiwayi Baba sai na ga kansa a sunkuye. Na bi idonsa. Ƙafar hagun Mama tana cikin silifas, kuma babban yatsan yana ɗagawa yana sauka daidai da gangar.

Ya tashi ya ɗauko na uku. Ya goge shi da hannun rigarsa, ya ɗora, ya sauke allura a bakin faifan, ya dawo ya zauna kusa da ni. Ganga ta shigo. Kafaɗar Mama ta ɗan motsa, ta yi maza ta gyara zama kamar ƙaiƙayi ne. Waƙa ta yi gaba lafiya, baiti na farko, amshi, baiti na biyu. Na fara cewa a raina ashe tsohon nan ya yi gaskiya. Kiɗa ya lafa, mawaƙi ya ɗauki doguwar muryar nan, muka riƙe numfashi muna jiran ƙahonni.

Ba su zo ba. Daidai nan ne dutsen ya tsaya ranar Laraba, siraran layukan faifan sun narke sun haɗe. Allura ta yi ƙas, ta koma baya. Mawaƙi ya sake ɗaukar muryar, ya kai rabi, ƙas, ya koma. Ya sake, ya sake.

Na rufe ido. Na ji kamar in nutse, don ni na jawo. Tela ya yi gyaran murya ya kalli rufi. Na yunƙura zan tashi in tura allurar, ko in kashe abin gaba ɗaya mu huta da kunya, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Baba ne. Bai kalle ni ba, idonsa yana ƙasa. Yatsan Mama ya daina bin kiɗa, amma duk ƙafar ta sauko daga matakin keken, ta dafe daɓe.

"Ku taɓa masa allurar mana," Mama ta ce.

Ba wanda ya motsa.

"Direba, ba ki ji ba ne?"

"Hannunta nauyi gare shi, irin nawa," Baba ya ce. "Za ta ƙarasa shi."

"To Tela."

"Ni ban zo da tabarau ba," in ji Tela, ga tabaran kuwa a aljihun gabansa kowa yana gani.

Mawaƙi ya kai rabi, ƙas, ya koma. Ban san sau nawa ba, ya fi talatin. Duk wanda ya taɓa jin faifai ya maƙale ya san yadda abin yake cin rai, balle matar da ta yi shekara tara tana ƙulla zaren da ya tsinke. Ta toshe kunne, ta buɗe. Ta kira Baba mugu, ta ce tun yana saurayi haka yake, ba ya iya komai sai ɓarna da cika baki. Shi dai yana zaune kamar ba da shi ake ba, sai riƙon da ya yi wa hannuna yake ƙara ƙarfi.

"Za ku bar bawan Allah yana ta kuka a wuri ɗaya," ta ce. "Wallahi ba ku da tausayi."

Ta jawo ƙarfen dogarawa gabanta da ƙarfi har ya yi ƙara a daɓe. Ta kama shi da hannu biyu. Ta yunƙura, ta koma. Na so in tashi, Baba ya danne ni. Ta sake yunƙurawa, ta miƙe. Ta tsaya tana haki, rigar tana lilo a jikinta saboda ramar da ta yi. Sannan ta tura ƙarfen gaba, ta ɗaga ƙafar hagu.

Taku bakwai ne daga taga zuwa garmaho, na ƙirga. A na huɗu gwiwar ta lanƙwashe kaɗan, ta tsaya. Mawaƙi ya yi ƙas ya koma, ta yi tsaki, ta ci gaba. Da ta isa ta jingina ƙugu da akwatin, ta saki hannu ɗaya, ta miƙa ɗan ƙaramin yatsanta ta taɓa allurar. Ko ƙara ba ta yi ba. Muryar ta ƙarasa hawanta, ƙahonni suka faɗo, falon ya cika.

Baba ya saki hannuna ya tashi. Ya gyara wuyan rigarsa, ya taka zuwa wurinta a hankali yana bin ganga, ya janye ƙarfen gefe ya ba ta damtsensa. Ba zan ce rawa suka yi irin ta dā ba. Ƙafarta ba ta bar ƙasa ba, kafaɗu ne da ƙugu kaɗan, shi kuma yana tsaye kamar ginshiƙi tana riƙe da shi. Amma a kan kiɗa suke, ba su kuskure ko bugu ɗaya ba. Tela ya tashi yana juyi shi kaɗai a bayan kujera, tabarau yana tsalle a aljihu. Ni kuwa ina zaune ina kuka ina dariya, na rasa wanda zan bari.

Da waƙar ta ƙare, Mama ta ɗaga faifan ta karkata shi wajen haske. Akwai wani wuri mai sheƙi a jikinsa, mai siffar hancin dutsen guga, wanda duk matar mai wanki ta san shi.

"Mai Guga," ta ce, "goge faifan nan ka yi?"

"Ya yamutse ne."

"Shekara arba'in da huɗu ina faɗa maka ba wandon kaki ba ne."

"To ai ga shi kin tashi," ya ce. "Faifai nawa na sa?"

Daga baya ya riƙa ba mutane labari a shago cewa duk shiri ne, wai da gangan ya tsayar da dutsen a daidai wurin, don ya san halin matarsa. Tela yakan gyaɗa kai ya ce ƙwarai kuwa. Ni ba na ƙaryata shi a gaban mutane. Amma ni ce hannuna yake riƙe da shi a ranar. Lokacin da allurar ta fara maƙalewa na ji jikinsa ya yi sanyi kamar nawa, kuma duk tsawon taku bakwai ɗin nan hannunsa rawa yake yi, hannun da ban taɓa ganin ya yi rawa a kan siliki ba. Sai da shatin yatsunsa ya kwana biyu a wuyan hannuna. Kuskure ya yi, irin wanda mai guga kaɗai zai yi. Abin da ya iya shi ne ya kalli ƙafa a lokacin da kowa yake kallon faifai.

Likita ta zo ranar Litinin ta tarar da Mama a tsaye a bakin kicin tana ba ƙanwata umarni. Ta ce a ci gaba da duk abin da aka yi, kullum, kada a tsallake rana. Yanzu Mama da sanda ɗaya take tafiya, keken kuma mun mayar wa asibiti.

Laifin faifan bai bar raina ba. Na yi wata biyu ina cigiya a wurin masu tsofaffin kaya, har na samo irinsa sak, mai jan tambari, ba ko ƙwarzane. Na kawo wa Baba shago a cikin jaka, wannan karon a ƙarƙashin kujera na ɗauko shi. Ya zaro, ya duba gaba da baya, ya yaba. Sannan ya mayar cikin jakar ya ɗora a saman kanta, kusa da kwalbar maɓallai.

"Ba za ka sa ba?" na ce.

"Wannan ba ya tsayawa, Direba. Me zan yi da shi?"

Har yau yana nan inda ya ajiye shi. Kullum ƙarfe huɗu da rabi Baba yakan jingine dutse, ya shiga falo ya ɗora gogaggen faifan, ya koma can nesa ya zauna ya sunkuyar da kai. Ina jin su daga shago ina ninke zannuwa. Mawaƙi ya kai rabi ya koma, ya kai rabi ya koma, sai in ji Baba ya ce, "Mutuniyar." Sai tsaki, sai ƙarar sanda a daɓe.